Masara Ta Iso, Ilimin Dafa Ta Ya Tsaya a Hanya

Maƙalar wannan mako daga madafi ta fito, kuma muna roƙon maza kada su tsallake ta da cewa zancen mata ne.

A ƙasar Meziko akwai wani abinci da ake kira pozole. Romo ne na ƙwayar masara da nama da barkono, a yanka masa kabeji da albasa a sama, a matsa lemun tsami. Akwai ja, akwai fari, akwai kore, gwargwadon kayan miyar da aka sa. Gidaje da yawa shi suke ɗorawa a daren 15 ga Satumba, jajibirin bikin 'yancin kansu. Galibi da naman alade suke yi, wanda mu Musulmi ba ma ci, amma ko a can ana yin na kaza, kuma naman rago ko na akuya zai zauna daram a tukunyar. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ake sarrafa masarar.

Busasshiyar masara ake tafasawa cikin ruwan da aka sa wa garin ƙonannen dutsen farar ƙasa, ko ruwan toka tatacce. A sauke, a bar ta ta kwana a ciki. Da safe a cuɗa a wanke sau da yawa har ɓawon ya fita. Sannan a mayar da ita wuta, ta yi ta dahuwa har ƙwayar ta kumbura ta buɗe baki, a haɗa ta da romon nama, albasa, tafarnuwa da niƙaƙƙen barkono. Duk mai niyya zai iya gwada wannan a tsakar gidansa a Baure, da tokar icen murhu da zakara guda.

To, me ya haɗa marubuci da wannan? Ga shi. Asalin masara Meziko ne, daga can ta bazu duniya bayan 1492. Turawa sun ɗauki irin, sun baro dabarar dafa shi, don dabarar tana hannun matan da ke gaban murhu, ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Ashe wannan jiƙon ne ke sakin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin ƙwayar, jiki ya amfana da shi. Talakawan Sifaniya da arewacin Italiya da suka koma rayuwa a kan masara zalla sai suka kamu da cutar pellagra: fata ta yi baƙi ta tsattsage inda rana ke duka, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Likita Gaspar Casal ya bayyana ta a 1735. A kudancin Amurka ta kashe dubban mutane, har aka ɗora wa Joseph Goldberger bincikenta a 1914, kuma sai a 1937 aka tabbatar da sinadarin da ya yi ƙaranci. Shekara 200 ana neman abin da tsohuwa a Meziko ke yi kullum da yamma.

Mu ma haka masara ta zo mana. A nan ƙasar Daura gero da dawa da wake ne ƙarfinmu, masarar da muke tuƙawa da yawanta daga kudancin jiha take zuwa, su Dandume da Funtuwa. Surfa ta muke yi, a fitar da dusa, a ɓarza tsaki a yi fate ko dambu, ko a niƙa a yi tuwo. Surfe yana cire ɓawo, amma ba ya yin aikin da toka ke yi. Abin da ke rufa mana asiri shi ne wake da gyaɗa da nono da ke raka tuwon.

Iyayenmu kuwa suna da nasu ilimin. Sun san kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, sun san gwargwadonta a ɗanwake, sun san kunun kanwa na mai jego. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo mana kanwa daga Manga da Barno. Yanzu mu duba littattafanmu da labaran da muke sakawa a waya. Jaruma ta shiga kicin, "ta haɗa lafiyayyen girki," shi ke nan. In an ambaci suna, sai ka ji soyayyiyar shinkafa da shawarma, ko da labarin a ƙauye yake. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Mu namu ko a shafin labari ba mu ba shi wuri ba.

Wani zai ce labari ai ba littafin koyon girki ba ne. Gaskiya ne, ba mu ce a cika babi da ma'aunin cokali ba. Amma a ce amarya ta cika kanwa a ɗanwaken farko da ta kai wa surukarta, tsohuwar ta ɗanɗana ta ture kwanon ba ta ce uffan ba. Wannan layi guda ya gaya mana ƙuruciyar amaryar da halin surukar fiye da shafi uku na "ranta ya ɓaci matuƙa". Mai karatu na gane wanda ya san abin da yake faɗa. Kuma jikokinmu, in sun ɗauki littafin nan da shekara 50, za su san me aka ci a Baure da Babban Mutum a zamaninmu.

Aikin wannan mako ke nan. Kowannenmu ya samu inna ko kaka ko gwaggo, ya zauna kusa da murhu ya tambaye ta abinci ɗaya tun daga surfe har kwashewa, da sunayen da take kiran komai, da yadda take gane ya nuna. Sai ya rubuta shafi ɗaya na labari da wannan girkin a cikinsa, ya kawo mana nan zaure mu duba tare. Wanda ya gwada pozole da zakara kuma, ya ba mu labarin yadda masarar ta buɗe.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.