Man Inji Ba Sanyi Yake Nema Ba: A Auna Kafin a Ɗaura Oyil Kula

Idan bazara ta kankama a Katsina, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci har ya gota. A irin wannan lokaci idon kowane direba yana kan allurar zafi, kuma a garejojin gari magani uku ne aka saba bayarwa: a cire tamostat, a haɗa fanka dairet ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota, a juye mai mai kauri. Yanzu an samu na huɗu. Matasa masu motocin gudu, irin su BMW da Mercedes da Lexus, suna ganin motocin tsere a YouTube da TikTok da ɗan ƙaramin lagireto a bayan bamba, sai su aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas a kawo musu irinsa, wato na'urar sanyaya man inji da kanikawa ke kira oyil kula. Magungunan nan huɗu daga tunani ɗaya suka fito, cewa duk abin da ya ƙara wa inji sanyi alheri ne. Ni a ganina wannan tunani shi ne ke cinye injina a garin nan sannu a hankali, kuma wanda ya ɗaura oyil kula bai taɓa auna zafin mansa ba, kuɗi ya kashe ya sayo wa motarsa sabuwar hanyar lalacewa.

Mai yana da zafin da aka yi shi don ya yi aiki a cikinsa, tsakanin digiri 90 zuwa 110 ko kusa da haka. Lambar da ke jikin galan ma shaida ce: a 5W-30 ko 20W-50, lamba ta biyu kaurin man ne idan an auna shi a digiri 100, domin a nan masu ƙera inji suka sa ran zai zauna. Idan zafi ya haura haka da nisa, man yana tsinkewa, shimfiɗar da ke raba karanshaf da metal ta yi siriri, sannan man kansa yana tsufa da sauri. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Wannan ɓangaren kowa ya yarda da shi. Ɓangaren da ba a so a ji shi ne na ƙasa. Duk lokacin da fetur ya ƙone yana haifar da tururin ruwa, wani kuma yana silalewa ta gefen ringi zuwa cikin mai tare da ɗanyen fetur. Abin da ke korar su shi ne man ya yi zafi sosai ya daɗe a haka. Idan bai samu ba, ruwa da fetur su zauna a ciki. Buɗe murfin mai na motar da aka cire wa tamostat, wadda aikinta kai yara makaranta da safe a dawo, a watan Janairu: sau da yawa za ka ga wani farin abu mai danƙo ya manne a ƙarƙashin murfin, sandar awon mai kuma tana warin fetur. Wannan inji bai taɓa tafasa ba, amma yana cin kansa.

Oyil kula tana da gidanta na gaskiya, kuma filin tsere ne. A can direba yana riƙe inji kusa da ƙarshen juyawarsa na minti 20 ko 30 ba hutu, ya taka totur, ya taka birki, ya sake takawa. Lagireto yana iya riƙe zafin ruwa daidai, allura tana tsakiya, alhali mai ya wuce digiri 130, domin mai ne ke kwashe zafin fistin da metal, inda ruwa ba ya kaiwa. Misalin da masu harkar suka sani shi ne Nissan 370Z da ta fito a 2009. A kan titi lafiya lau take, amma a filin tsere, bayan 'yan zagaye, man yakan doshi digiri 140 sai kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi don ta tsare injin, har kamfanin ya sanya mata abin sanyaya mai tun daga masana'anta a samfurin 2012. Porsche 911 kuwa, har zuwa 1998 ba ta da ruwa ko lagireto, iska da mai fiye da lita 10 ne ke sanyaya ta. Duk da haka injiniyoyin Jamus sun sa wa hanyar man tamostat, ba a barin ya tafi wurin sanyaya sai ya yi zafi. Motar da rayuwarta kaf ta dogara da sanyaya mai ba ta yarda man ya yi sanyi fiye da kima ba.

Katsina ba ta da filin tseren mota. Abin da ake gani shi ne wasan ganganci a kan titi ranar biki, ana juya mota wuri ɗaya tayoyi suna hayaƙi, wanda haɗari ne ga rayukan jama'a kuma bai kamata a lamunce shi ba. Ta fuskar inji ma, oyil kula ba ta ceton mai wannan wasa, domin iskar da gudu ke turowa ce ke ratsa ta, motar da ke kewaya wuri ɗaya kuwa ba ta samun wannan iska. Idan ana neman wanda injinsa ke shan wahala irin ta filin tsere a jihar nan, sai a duba direban haya: Golf ko Sharon ko Hiace da aka cika da mutane da buhuna, ta kama hanyar Kano ta Charanchi da Kankiya da Tsanyawa da Bichi, tafiyar kilomita kusan 170 da tsakar rana, ko ta nufi Jibiya da Maraɗi, ƙafa a kan totur babu sassauci. Da yawa daga waɗannan motoci, musamman na Volkswagen, sun zo da tasu oyil kula daga masana'anta, wani ɗan akwatin ƙarfe a gindin filta wanda ruwan lagireto ke ratsawa. Irin wannan tana da amfani biyu, tana ɗumama mai da safe tana sanyaya shi da rana. Amma da yake ruwan rijiya ko na famfo ake zubawa maimakon ruwan lagireto mai magani, tsatsa da gishiri suna cinye ta, wata rana mai ya haɗu da ruwa, sai bakanike ya ce a kewaye ta kawai, ai ba ta da wani aiki. Ke nan wanda ya fi kowa buƙatar na'urar an cire masa ita, wanda ba ya buƙata yana sayen ta don ado.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, motocin nan don ƙasashen sanyi aka yi su, nan kuwa Katsina ce, bakin hamada. Akwai gaskiya a ciki, kuma ana iya lissafa ta. Ƙarfin oyil kula ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin mai da zafin iskar da ke ratsa ta. Idan mai yana digiri 120, iska tana 20, tazarar 100 ce. Idan iskar ta kai 40 kamar a Afrilu, tazarar ta koma 80, wato na'urar ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. Don haka wanda awo ya nuna yana buƙatarta a nan, daidai ne ya ɗauki wadda ta ɗan fi ta Baturen Ingila girma. Sai dai Katsinar da ke kaiwa 40 a bazara ita ce ke sauka ƙasa da digiri 15 da asubahin hunturu, kuma motar ɗaya ce za ta yi aiki a duka lokutan. Babbar oyil kula marar tamostat a safiyar Disamba za ta hana mai ɗumama har ka je inda za ka je ka dawo. Mutanen garin da ya san wasan polo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ba sa buƙatar a gaya musu cewa ba a kwance doki daga turke a sake shi a guje sai an kewaya da shi jikinsa ya saki. Game da tamostat na ruwa da ake cirewa kuwa, idan ya buɗe gaba ɗaya a wajen digiri 90 zuwa 95 ba ya hana ruwa wucewa, saboda haka lafiyayyen tamostat ba shi ke sa mota tafasa ba. Lagireton da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko fanka mai rauni, su ne masu laifin, cire tamostat ɓoye su kawai yake yi. Ga kuma kwamfutar mota, muddin tana ganin inji da sanyi za ta ci gaba da ƙara fetur, abin da ba ƙaramar asara ba ce tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023.

Dattawan kanikawa suna da tasu hujjar, kuma ta cancanci girmamawa. Za su ce sun riƙe Peugeot 504 shekara da shekaru da mai mai kauri ba tamostat, ba ta taɓa ba su kunya ba. Haka ne, 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta ci gasar Safari ta Kenya, mota ce mai haƙuri. Amma injinta na kafireto ne, ramukan da mai ke bi masu faɗi ne, babu kwamfuta. Injin Corolla ko Camry ko Accord na yanzu yana amfani da matsin mai wajen sauya lokacin buɗe bawul, ta ƙananan ramuka da 'yar raga mai saurin toshewa, kuma an tsara shi da 5W-30 ko ma 0W-20. Wasu littattafan mota suna ba da damar ƙara kauri kaɗan a ƙasa mai zafi, wannan ba laifi. Tsallakawa zuwa 20W-50 kuwa yana jinkirta isar mai saman inji a daƙiƙun farko bayan tayarwa, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, kuma mai mai kauri ya fi haifar da zafi saboda wuyar motsawa.

To, wanda yake da motar gudu da gaske, yana shirin kai ta inda aka keɓe don tsere, ko direban da ke jan kaya masu nauyi a doguwar hanya, me zai yi? Ya fara sayen agogon awon zafin mai, domin allurar da ke gabansa zafin ruwa take nunawa. Wasu motocin zamani suna bayyana zafin mai a allonsu, wasu ana karanta shi da ɗan na'urar OBD da ake haɗawa da waya. Ya yi irin tafiyar da ya saba a rana mafi zafi ya duba. Idan man bai wuce 110 zuwa 115 ba, ya bar motarsa yadda take. Idan yana zama a 120 zuwa 125, sau da yawa man sintetik na gaskiya, da wanke lagireto, da mayar da robobin da ke tattara iska a bayan bamba waɗanda ake yarwa bayan an yi gyara, sun isa. Sai idan yana haura 130 yana daɗewa a can ne maganar oyil kula ta taso. A lokacin, abu na farko shi ne farantin da ake sakawa tsakanin inji da filta ya zama mai tamostat, wanda ke buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 90. Masu cewa tamostat wani abu ne da zai iya lalacewa su sani ɗan ƙaramin kaki ne da sifirin a ciki, kuma agogon da aka riga aka ɗaura zai nuna ranar da ya daina aiki. Ita kanta oyil kula kuwa, ƙirar faranti da aka jera bisa juna, irin ta Setrab ta Suwidin ko Mocal ta Ingila, ta fi ƙirar bututu mai lanƙwasa sanyaya mai ba tare da rage matsinsa sosai ba. Layi 13 zuwa 19 yakan wadatar da matsakaicin inji, 25 na manya ne ko masu turbo. Tiyo ya zama mai faɗi, wanda ake kira AN-10, gajere gwargwadon hali, domin siririn tiyo mai tsawo yana shanye matsin da metal ke jira.

Wurin ɗaurawa ma yana da nasa farashin a garinmu. Idan aka sa ta gaban lagireto, iskar da ta ɗumama ce za ta wuce zuwa kwandensan AC da lagireton, a warkar da mai a jawo wa ruwa ciwo. Idan aka sauke ta ƙasa, tsakuwa da ramuka da tudun rage gudu suna jiranta. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da ɗan man da ya jiƙa jikinta ta zama laka tsakanin fikafikan. Haska tocila daga baya, idan haske bai fito ta gaba ba, iska ma ba ta wucewa. Babban haɗarin shi ne, man da dā yake kulle cikin ƙarfe yanzu yana fita waje ta tiyo biyu da mahaɗa huɗu. Toyota kanta, da duk injiniyoyinta, sai da ta maye tiyon roba na mai da bututun ƙarfe a injinta na V6 mai lita 3.5, wanda ke cikin Camry da Avalon da Lexus da yawa a titunanmu, saboda yana fashewa. Idan tiyon da aka ɗaure da kilif na kasuwa ya zame a gudun kilomita 120 tsakanin Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya, famfon mai zai zubar da lita huɗu ko biyar cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, wani ya malale ƙarƙashin tayoyi, wani ya faɗa kan salansa mai zafi, kuma kafin direba ya lura da jar fitila inji ya riga ya buga. Saboda haka mahaɗa su zama masu zare da ake ɗaurewa da sifana, a nisanta tiyo daga salansa da duk wani kaifin ƙarfe, a ƙara man da na'urar ta shanye, wanda yakan kai rabin lita zuwa lita ɗaya, sannan a sake duba kowace mahaɗa bayan tafiyar farko da inji ya yi zafi ya huce.