Ƙugiyar Maƙarfi Ba Ta Ɓace A Cikin Kwamfuta Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa mun ga ya kamata mu baje ta a faifai gaban akawuna da malaman makaranta, musamman na Ikara da Maƙarfi da Kudan. Maganar kuwa ita ce ta ƙugiyar haruffa. Tun da kwamfuta ta kori keken rubutu daga teburin akawu, sai ga takardun Hausa suna fitowa ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ, sai ka ce an yi musu aski. In ka tambaya, amsa ɗaya ce: wai na'urar Turawa ce, ba ta san Hausa ba. Mu dai ba mu karɓi wannan hanzari ba.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Sunan Maƙarfi kansa da ƙugiya ya ke, haka Malam Shu'aibu Maƙarfi, mai littafin Jatau Na Kyallu, ya ke cikin littattafan da yaranmu ke karantawa. Hunƙuyi ma, inda hedkwatar Kudan ta ke, haka ne. A ƙasar da rake ya ke abin taƙama, kara daban, ƙara daban: ɗaya a gona a ke yanke shi, ɗaya gaban alƙali. Fada wurin sarki ce, faɗa kuwa abin da ke kai mutum gabanta. Ma'aikacin asibiti da ya rubuta bari maimakon ɓari, ko kashi maimakon ƙashi, ya san ba abu ɗaya ya faɗa ba. Babba ya kan gane da zancen da ke kewaye. Amma fa yaron aji biyu, wanda malam ya koya wa ɗaki a kan allo, sa'an nan ya ga daki a takardar jarrabawa, wanne zai riƙe?

Waɗannan haruffa ba daga nesa su ka zo mana ba. A nan Zariya su ka kafu, cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin ofishin talifi, da su kuma a ka buga littattafan da su ka koya wa Arewa karatun boko. Akawun En'e na da, wanda kekensa ba shi da su, ya kan gama bugu ya ɗauki alƙalami ya bi takarda yana lanƙwasa kan kowane harafi da hannu. To, ashe mai keken ƙarfe ya fi mai kwamfuta kishin aikinsa?

Gaskiyar magana ita ce haruffan suna nan cikin na'ura. Tun farkon shekarun 1990 a ka yi wata babbar rajista ta haruffan duniya, ana ce da ita Unicode, inda kowane harafi ya ke da lambarsa. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199. Manyansu kuwa 0181 da 018A da 0198. Mai aiki da Word in ya buga lambar, ya danne Alt ya taɓa X, nan take sai lamba ta rikiɗe ta zama harafi. Sai dai a yi hattara: in harafin da ya gabata a ne, kamar a cikin Maƙarfi, na'ura ta kan haɗa shi cikin lissafin lambar ta fitar da shirme. Maganin wannan shi ne a fara da U+ kafin lambar. Wannan hanya ta mai sauri ce da ya sami kansa a teburin wani, ba ta mai bugun shafi ashirin ba.

Hanyar da ta fi, ita ce a sa wa na'ura tsarin madannan Hausa. Kamfanin Microsoft ya sa shi cikin Windows tun fitowar Windows 7 a 2009, ba a biyan ko kwabo. In an ɗora shi daga wajen zaɓen harshe, sai mutum ya danne Alt na hannun dama ya taɓa b ko d ko k, ƙugiya ta fito. In zai koma Turanci, ya danne madannin Windows ya taɓa dogon madannin nan na tazara, ko kuwa Alt da Shift. Shi ke nan. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba, shi a ka shekara goma sha ana cewa ba ya yiwuwa.

Muna kuma jan kunne game da wata tsohuwar dabara, wadda ta yi amfani a zamaninta. Akwai salon haruffan da a ka ƙera domin in ka buga q ka ga ƙ, x ta zama ɗ, v ta zama ɓ. A takarda lafiya lau. Amma ran da a ka aika da rubutun zuwa wata na'ura da ba ta da wannan salo, sai a ga qasa da xaya da vata. In kuma a ka nemi suna cikin rajistar ɗalibai ko ta masu biyan haraji, na'ura ba za ta same shi ba, gama a wurinta q ce ke nan, ba ƙ ba. Duk takardar da a ke so jikoki su karanta, kada a ajiye ta haka.

Na ajami ya fi wuya, ba kuwa za mu ɓoye ba. Windows tana da madannan Larabci, rubutu kuma ya kan tashi daga dama yadda ya kamata. Amma tsarin na Larabawan gabas ne, mu kuwa almajiranmu Warshu su ka gada, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Babu tsa mai ɗigo uku a kan waɗannan madannai, babu kuma ɗigon imala. Duk da haka rajistar nan ta karɓi ɗigon imala a 2005, ta karɓi fa da ƙaf da nun na Warshu a 2016, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da salon haruffa kyauta mai suna Alkalami, wanda ya bi hannun marubutan Kano. Abin da ya rage shi ne madannai guda da kowa zai yarda da su. Wannan aikin malaman Hausa da na Larabci ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero. Muna roƙon su zauna a kai, don manomin Paki ko na Likoro da ke karanta ajami kaɗai shi ma ya sami sanarwar taki da ta rigakafi cikin rubutun da ya sani.

Na boko kuwa ba ya jiran kowa. Muna ba sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin nan uku shawara su umurci a ɗora madannan Hausa a kowace kwamfutar ofis da ta makaranta, a liƙa 'yar takarda mai lambobin nan shida a gefenta. Shugaban makaranta kuma, in mai shagon bugu ya kawo masa tambayoyin jarrabawar Hausa ba ƙugiya, ya mayar masa ya gyara kafin a biya shi.