Makaho da ɗan jagora a kan hanyar Bankuku

Ran 30 ga watan Janairu na shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta shaida cewa Nijar ta rabu da cutar makanta ta bakin kogi, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta cim ma haka. Yaƙi ne da aka soma tun 1974. Amma makanta ba ta ƙare ba: yanar ido da amosanin ido da hawan jinin ido suna nan suna rufe ma mutane gani a karkara.

A Bankuku, babban garin Imanan, cikin Dallol Boso, ana iya auna nauyin wannan al'amari. Garin yana bisa hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Baleyara, ta nufi Filinge da ƙasar Kurfai. Mai ido yana ratsa ta ba da tunani ba. Makaho kuwa da kunne da sanda yake tafiya. Rairayin dallol ba ya mayar ma sanda da amo, balle ya gane inda turba ta karkata. Garake na dankalin turawa, waɗanda suka yi ma garin suna, cike suke da rijiyoyi. Ran kasuwa kukan motoci da amalanke da dabbobi yana rikita masa ji. Wanda ganinsa ya ragu, ko mai dundumi, shi ma da magariba ta yi, tafiyarsa ta ƙare.

Saboda haka ake haɗa makaho da ɗan jagora. Nan hasarar take zama biyu. Babba ba ya zuwa masallaci ko asibiti ko gaisuwar mutuwa sai yaro ya samu sukuni. Yaro kuma, da yake riƙe da kan sanda, ba ya zaune a aji. Gida guda ya rasa ƴancin uba, ya rasa karatun ɗa.

Magani yana hannu. Yanar ido aikin likita ne na ɗan lokaci, mutum ya koma gani. Abin da ke hana shi shi ne nisa da kuɗin mota. Ya kamata masu aikin ido su riƙa zuwa Filinge da Bankuku a kai a kai. Wanda idonsa ba ya gyaruwa, a koya masa tafiya da farar sanda, kamar yadda ake koya ma yara a makarantar makafi ta Yamai. A ɗaure bakin rijiyoyi, direbobi su rage gudu cikin gari.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008. Magadan gari da sarakuna da malamai su ne za su sauko da ita daga takarda zuwa turba, har makaho ya isa kasuwa da ƙafarsa, ɗansa kuma ya isa makaranta.