Ƙunar yara a Gure: murhun gida ya fi gobarar makaranta ɗibar rayuka

A ranar 8 ga Nuwamban 2021 wuta ta tashi a wasu azuzuwan zana a Maraɗi, ta halaka yara sama da 20. Kafin nan, a Afrilun shekarar, wasu yara 20 sun ƙone a wata makaranta a Yamai. Ƙasa ta girgiza, gwamnati ta yi magana. Amma wutar da ta fi cin yara a garuruwa irin su Gure ba ta shiga labarai, domin a tsakar gida take ci, yaro ɗaya bayan ɗaya.

Tukunyar ruwan zafi ce da aka sauke a ƙasa, da kaskon man tuyar ƙosai, da kokon da aka dama aka ajiye kusa da mai rarrafe. Lokacin hunturu kuma sai a ƙara da garwashin jin ɗumi a ɗaki. Ga kuma man fetur da ake ajiyewa cikin kwalabe a gidajen masu sayar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta, kuma yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara 5 na mutuwa da ita fiye da ninki biyu na takwarorinsu a duniya.

Fatar yaro siririya ce, shi ya sa ruwan da zai ɗan sale babba yake ratsa ta yaro har ciki. Likitoci na auna faɗin ƙuna da tafin hannun yaron haɗe da yatsunsa, wanda yake kusan kashi 1 cikin 100 na jikinsa. Idan ƙunar ta kai tafi goma, ruwan jiki na tsiyayewa da sauri, sai an yi ƙarin ruwa ta jijiya. Wadda ta taɓa fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko ƙarama ce, ta asibiti ce.

A nan nisa yake zama matsala. Gure na da tazarar kilomita sama da 150 daga babban asibitin Damagaram, balle ƙauyukan da ke cikin tudun rairayi. Saboda haka abin da uwa ta yi tun farko shi ke yanke hukunci. Abin yi shi ne a riƙa kwarara ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da tufafin da ba su manne ba, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi likita. Man goge haƙori, ɗanyen ƙwai, baƙin mai da kashin shanu ba sa warkarwa, ƙwayoyin cuta suke kai wa ciwon. Kada kuma a fasa bororon.

Yaron da ya tsira ma yana iya tashi da yatsu a manne ko gwiwar da ba ta miƙewa, abin da kan raba shi da alƙalami da sana'a.

Tun 2006 Nijar ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Wannan alƙawari zai yi amfani ne idan akwai ledar ƙarin ruwa, bandeji da maganin zafi a asibitin gundumar Gure da ƙananan cibiyoyin lafiya. Ya kamata kuma gidajen rediyon al'umma, limamai da masu unguwanni su koyar da maganar minti 20 ɗin nan kafin sanyi ya shigo, magidanta su ɗaga murhu ko su kewaye shi da ɗan ginin laka. Kuɗin wannan gini bai kai na motar da za ta ɗauki yaro zuwa Damagaram ba.