Awa Ba Awa Ba Ce a Littafin Matuƙin Jirgi

A makon jiya wasu sun yi ta cewa ƙa'idar awoyin da ake ɗora wa ɗaliban tuƙin jirgi dabarar tatsar kuɗi ce kawai, wai tunda yaro ya yi awa ɗari a sama ai ya ƙware. Mu dai ba mu yarda ba.

Kafin a ba matuƙi izinin tuƙi da na'urori zalla, wato lokacin da gajimare ko hazo ya rufe masa ƙasa, hukumar ICAO ta ce sai ya yi awa 50 na tafiya daga gari zuwa gari yana shugabantar jirgin, da awa 40 na tuƙi da na'urori. Amurka ta ƙara tsaurarawa: ba a lissafa tafiyar sai ya sauka a filin da ya wuce mil 50 na teku, kusan kilomita 93 a miƙe. Da wannan ma'auni, ɗalibin kwalejin jiragen sama ta Zariya da ya je Kano ya samu, wanda ya tsaya Kaduna bai samu ba. Ko da muna da fili a Kazaure, daga Kano zuwa nan ba ta kai ba.

To ina zaluncin? Wanda ya wuni yana kewaya saman Zariya bai taɓa lissafin mai ba, bai taɓa ɓacewa ba, bai yi magana da hasumiyar da ba ta san muryarsa ba. Mu da muka san hazon Janairu, wanda direba a hanyar Roni ko Gwiwa ke kunna fitila da rana tsaka, mu ne za mu ce a rage? Iyayenmu alhazai ne fa a bayansa.

Kukan tsada gaskiya ne, amma an kai shi gidan da ba nan ba. Kano ta taɓa tura ɗalibai 100 Jordan koyon tuƙi a zamanin Kwankwaso, da yawansu suka dawo suka daɗe babu aiki saboda horon da ya rage. Duk ɗan siyasar da zai ɗauki nauyin yaron Babura ko Kazaure, mu tambaye shi kafin mu yi tafi: awa nawa ka biya, kuma nawa ne a ciki na gari zuwa gari?