Sarkin Yamma: wa zai biya kuɗin darussan hutu?

Daga Yuli zuwa Satumba lakwal a rufe take, yaran Sarkin Yamma kuma suna gona. A birnin Maraɗi masu hali na biya wa ƴaƴansu darussan hutu. Ɗan ƙauye kuwa sai ya dawo aji a Oktoba ya mance da yawan abin da ya koya.

Maganin ba baƙo ba ne. A 2004 shirin « École pour tous » na hukumar JICA ta Japan ya fara a jahar Tawa, ya ƙarfafa kwamitocin iyaye da malamai, wato CGDES a yau, waɗanda daga baya suka riƙa shirya ƙarin darasin lissafi bayan an tashi. Kuɗi ne matsalar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Bankin Duniya ya tsai da sakin kuɗi na wani lokaci, a 2025 kuma Amurka ta rushe USAID. Tallafin waje ba ya da tabbas.

Alhali buƙatar kaɗan ce: alli, littattafan aiki, ɗan alheri ga mai koyarwa. Kamata ya yi komin ta sa wannan cikin kasafinta, ta miƙa wa CGDES kai tsaye. Sai dai a sa darasin bayan la'asar, don da safe a damina ba uban da zai saki yaro daga noma.