Littattafanmu Su Ne Bangonmu

Kwanan baya ɗiyar ƙanwata ta nuna min hoton wani dogon bango a waya, ta ce, "Inna, dubi aikin mace." Bangon yana birnin Los Angeles a Amurka. Judy Baca, ɗaya daga cikin matan Amurka 'yan asalin Meziko da ake kira Chicana, ita ta jagoranci zana shi tun daga 1976, tare da matasa fiye da 400. Tsawonsa ya haura mita 800. Abin da littattafan makaranta suka tsallake shi suka zana, har da korar 'yan asalin Meziko daga Amurka a shekarun 1930.

Sai na tambayi kaina, mu matan Hausa ina namu bangon? Nan Tudun Wada akwai sauran tsofaffin gidaje masu zane a fuska, amma magina maza ne suka yi, kuma arzikin maigida suke nunawa. Abin da ke faruwa bayan zaure ba ya fitowa.

Ni dai a ganina littattafanmu su ne bangonmu. Nan Zariya kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana yarinya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, duk mun ajiye su a takarda. Aka raina mu, aka ce adabin kasuwa ne, har aka ƙona littattafai a Kano a 2007. To amma a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci.

Ban ce ba mu da laifi ba. Akwai masu rubuta shirme, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya fi damuna shi ne bangon namu na takarda ne. Littafina na farko gara ta cinye, ko kwafi ɗaya ba ni da shi.

Don Allah duk mai tsofaffin littattafai a akwati ta fito da su, ta ɗauki hoton kowane shafi ta adana. In ba haka ba, jikokinmu a bakin wasu za su ji labarinmu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.